Tibet, Butan ko Ladak: ina ya fi dacewa ka je ganin gidajen ibadar Buda?

Fararen gidajen ibadar nan da ake gani a hotuna, manne a jikin dutse, tutoci masu launi biyar na kaɗawa a kansu, yawancinsu a wurare uku suke: Tibet da ke ƙarƙashin ƙasar Sin, masarautar Butan, da Ladak a can ƙuryar arewacin Indiya. Tushen addininsu ɗaya ne, rubutun littattafansu ɗaya, hatta jar rigar malaman kusan iri ɗaya ce. Inda suka rabu, ga matafiyi, shi ne irin takunkumin da hukumar kowane wuri ke sa wa baƙo. Tibet 'yancinka take karɓewa. Butan aljihunka take taɓawa. Ladak kuwa takan sake ka, ta bar ka da dutse da sanyi da huhunka.

Kamfanonin yawon buɗe ido sun fi son su jera maka sunayen wurare, goma sha kaza a mako guda, don tafiyar ta yi kama da ta ci kuɗinta. Ni ba da wannan nake auna ta ba. Abin da nake tambaya shi ne: in ka shiga zauren da malamai ke karatu, minti nawa za a bar ka ka zauna kafin a taɓa kafaɗarka a ce mota na jira? Da wannan mudun ne bambancin wuraren uku yake fitowa fili.

Tibet

Bizar Sin kaɗai ba ta kai mutum Lhasa, babban birnin Tibet. Bayan biza sai an samo maka takardar izinin shiga Tibet, kuma ba kai za ka nema da kanka ba. Kamfani mai rajista ne zai nema a madadinka, bayan kun daidaita kan tafiyar ka tura masa hoton fasfo da na biza. Ka ba shi mako biyu zuwa uku. In babu takardar, tun a Chengdu ko Xining za a dakatar da kai, ba za ka taka jirgin sama ko na ƙasa mai zuwa Lhasa ba. 'Yan kasuwarmu masu zirga-zirgar Guangzhou da bizar kasuwanci su ma ana ba su, amma sai sun haɗa da wasiƙa daga kamfanin da ya gayyace su. 'Yan jarida da jami'an diflomasiyya kuwa kamfanin yawon buɗe ido ba ya iya yi musu komai, tasu hanyar ta ofishin harkokin waje ce, kuma ba kasafai take ɓullewa ba.

A jikin takardar ake rubuta garuruwan da za ka je da ranakun. Abin da ba a rubuta ba, babu shi. Ka ji labarin wani gidan ibada a bakin wani matafiyi a otal, ka ce gobe a ratsa ta can? Jagora zai yi murmushi ya ce ba ya cikin takarda. Wasu yankunan da ke wajen Lhasa suna da ƙarin takarda daga 'yan sanda, na kusa da iyaka kamar dutsen Kailash har da ta soja, kuma jerin yana sauyawa daga shekara zuwa shekara. Motar haya ta gama-gari tsakanin garuruwa ba ta baƙo ba ce, motar kamfani da direbanta za ka bi, a tsaya a kowane shinge jagora ya sauka da fasfonku. Tafiyar amarya ke nan: a ɗauke ka, a sauke ka, a nuna maka inda za ka zauna. A cikin Lhasa dai, in an gama shirin yini, kana iya fita kai kaɗai ka zaga kasuwa ko ka zauna gidan shayi, amma shiga manyan gidajen ibada sai da jagora.

Akwai kuma rufe ƙofa. Ranar 10 ga Maris 1959 aka yi boren Lhasa wanda ya kai ga gudun Dalai Lama na 14, jagoran addinin Tibetawa, zuwa Indiya, a Maris 2008 kuma aka sake wata tarzoma. Tun daga nan, shekaru da dama ana rufe yankin ga baƙi daga wajen ƙarshen Fabrairu har Maris ya fita. Ban da wannan, ana iya dakatar da ba da takardu a kowane lokaci ba tare da an yi wa kowa bayani ba. Wanda ya sayi tikitin jirgi marar canji kafin takarda ta fito, ya yi kasada da kuɗinsa.

To me ake samu bayan duk wannan wahala? Uwar gida ake samu. A nan abin ya samo asali, sauran wuraren duk daga nan suka ɗebo. Gidan ibadar Jokhang, a tsakiyar tsohon birnin Lhasa, tun ƙarni na 7 yake, zamanin sarki Songtsen Gampo. A ƙofarsa za ka ga mutanen ƙauye da makiyaya suna zubewa rubda ciki, su miƙe, su sake zubewa, har duwatsun daɓen sun yi sulɓi. Titin Barkhor da ya kewaye shi cike yake da masu zagaye tun asuba, kowa ya bar ginin a hannunsa na dama, kai ma haka za ka bi, bayan ka wuce na'urar bincike a bakin titin. Wannan ba wasan kwaikwayo ba ne da aka shirya wa 'yan yawon buɗe ido, kuma babu irinsa a Butan ko Ladak.

Fadar Potala, wadda Dalai Lama na 5 ya fara ginawa a 1645, kuma UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1994, ita ce hoton da ke jan kowa. Gaskiyar magana ita ce ta fi kyau daga waje. Tikitinta mai lokaci ne, yuwan 200 na kuɗin Sin a lokacin cinkoso, ka hau matakala har numfashi ya ƙare, sannan a ba ka kamar awa guda a ciki, babu ɗaukar hoto, ayari na gaba da kai ayari na bayanka. Gida ne da mai shi ya bari tun 1959, kuma ana jin hakan a ɗakunan.

Inda rai yake shi ne manyan makarantu uku na ɗariƙar Gelug. Ganden, wadda Tsongkhapa, mai assasa ɗariƙar, ya kafa a 1409 a kan tsauni gabas da Lhasa, an mai da ita kufai a zamanin Juyin Al'adu, guguwar siyasar Sin ta 1966 zuwa 1976 da ta rushe wuraren ibada, abin da kake gani yau sabon gini ne da aka fara tayarwa daga shekarun 1980. Drepung ta 1416 ta taɓa ɗaukar malamai da almajirai kusan 10,000, yanzu kuwa hukuma ce ke ƙayyade yawansu, kuma lungunanta sun yi wa mazaunanta yawa. Sera ta 1419 ita ce mai muhawarar nan ta la'asar, wajen ƙarfe 3, ban da Lahadi: mai tambaya a tsaye, mai amsa a zaune, kowace tambaya sai an tafa hannu an buga ƙafa, kamar za a kai ga dambe alhali mas'alar falsafa ake warwarewa. A nan kam ana barin mutum ya tsaya a gefen fili ya yi kallo har ya gaji. In tafiyarka ta kai garin Shigatse, akwai Tashilhunpo ta 1447, mazaunin Panchen Lama, malamin da ke bin Dalai Lama a daraja.

Sunan nan na ƙarshe ya kawo mu ga abin da ya fi kowace takarda nauyi. Yaron da Dalai Lama ya ayyana a matsayin Panchen Lama a 1995 hukuma ta ɗauke shi, ba a sake ganinsa a bainar jama'a ba, Beijin ta naɗa nata. Hoton Dalai Lama na 14 haramun ne a Tibet, haka tutar Tibet mai zakuna. Baƙon da ya shigo da su, ko ya tsare wani malami da tambayar siyasa, ko ya ɗauki hoton soja, mafi munin abin da zai same shi yawanci shi ne a tasa ƙeyarsa waje. Jagoransa ne zai rasa lasisi, kamfanin ya shiga uku, malamin da aka yi wa tambayar kuma Allah kaɗai ya san yadda zai kwana. Baƙo raɓa ne. In ka ga jagora ya kau da zance, kada ka matsa masa, ba jahilci ba ne ya hana shi amsawa. Wanda ya san bakinsa ba ya iya shiru, gara ya zaɓi wani wurin, ba don kansa ba, don mutanen da zai bari a baya.

Wata dabara da ba a cika faɗa ba: yankunan Tibetawa sun fi lardin da ake kira Tibet faɗi. Labrang da ke Xiahe a lardin Gansu, wadda aka kafa a 1709, da Kumbum kusa da Xining a Qinghai, manyan makarantun Gelug ne, kuma ba sa buƙatar waccan takarda, bizar Sin ta isa, ko da yake su ma akan rufe su in hankalin hukuma ya tashi. Ga ɗan kasuwan da ya riga ya shiga Sin yana da 'yan kwanaki a hannu, wannan ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai a tuna, WhatsApp da Facebook da Google duk a toshe suke a Sin, a shaida wa iyali tun kafin a tashi kada shiru ya tayar musu da hankali.

Butan

Butan ba ta ɓoye nufinta. Tun da ta buɗe ƙofa ga 'yan yawon buɗe ido a 1974, manufarta baƙi kaɗan masu kashe kuɗi da yawa. A da, sai ka sayi tafiya dunƙule ta dala 200 ko 250 a yini, wadda ta haɗa otal da abinci da mota da jagora. Da aka sake buɗewa bayan korona a Satumba 2022 sai aka sauya tsari: harajin gwamnati kaɗai ya koma dala 200 kowane dare, sauran kuma ka biya daban. Baƙi suka ja baya, aka rage shi zuwa dala 100 daga Satumba 2023, rangwamen da aka ce zai kai Agusta 2027. Biza dala 40 ce, ta intanet ake nema. Yara 'yan shekara 6 zuwa 12 rabi suke biya. Ka yi lissafi: dare 7, miji da mata, dala 1,480 ke nan kafin a kwana a otal ko a ci loma ɗaya. Jirgi ma ba araha, domin kamfanoni biyu na ƙasar ne ke jigilar Paro, garin da baƙi ke sauka, wato Drukair da Bhutan Airlines, daga birane irin su Delhi, Kathmandu da Bangkok, kuma da rana kawai ake sauka saboda jirgin tsakanin duwatsu yake kurɗawa. In gajimare ya sauko, sai a jira. Kada ka haɗa jirgin dawowa gida da na Paro a rana ɗaya.

A takarda, tun 2022 ba dole ba ne ka bi ta kamfani. A aikace, da zarar za ka fita daga Paro da Thimphu, babban birnin ƙasar, sai da jagora, shiga manyan gine-ginen tarihi ma haka. Amma jagoran Butan ba ɗan tsaro ba ne, kuma ba a tsorace yake ba. Kana iya ce masa yau ka gaji da gine-gine a tsaya a ƙauye, ko a koma wurin jiya. Zai yi maka hira kan sarki, kan zaɓe tun da aka koma sarauta mai bin tsarin mulki a 2008, kan matasan da ke kwarara Ostareliya neman aiki. Zancen da ba zai ɗauko da kansa ba shi ne na mutanen kudu masu harshen Nepal, kimanin 100,000, da suka bar ƙasar a farkon shekarun 1990 suka ƙare a sansanonin gudun hijira. Ƙasar da ake tallatawa da cewa da farin cikin jama'a take auna ci gabanta ita ma tana da nata tabon.

Abin da Butan ke da shi wanda Tibet ta rasa shi ne addini da mulki ba su rabu ba, kuma ba a taɓa rushe su ba. Ginin da suke kira dzong ganuwa ce, rabi ofisoshin gwamnati rabi mazaunin malamai. Na Punakha, wanda Zhabdrung Ngawang Namgyal, mai haɗa kan Butan, ya gina a 1637 a mahaɗar koguna biyu, can shugaban malaman ƙasa, Je Khenpo, yake komawa da jama'arsa in hunturu ya shigo. Na Thimphu kuwa, tun da ofishin sarki na ciki, a ranakun aiki sai an tashi daga ofis ake barin baƙi su shiga. Ka sa riga mai dogon hannu da dogon wando, ka cire hula, a ƙofar ɗakin ibada ka cire takalmi ka mai da waya aljihu. Jagoranka ma sai ya yafa farin mayafi a kan rigarsa ta gargajiya kafin ya wuce ƙofa.

Taktsang, gidan ibadar nan da ake wa laƙabi da sheƙar damisa, an gina ta a 1692 a jikin dutse, kimanin mita 900 sama da kwarin Paro. Gobara ta cinye ta a 1998, aka sake ginawa aka gama a 2005. Hawan awa biyu zuwa uku ne, akwai doki zuwa rabin hanya, sauran da ƙafa. A ƙofa za a karɓi jaka da waya da kyamara a kulle. Wannan dokar ni ina sonta, domin ita ce ke sa mutane su kalli abin da ke gabansu. A bar ta sai ranar ƙarshe, jiki ya saba tukuna.

Ga nawa sukan: da yake kowane dare dala 100 ne, mutane suna gajarta tafiya, su yi Paro, Thimphu, Punakha, su koma. Wuraren da za a bar ka ka zauna ka ji karatu ba tare da wani ayari a bayanka ba suna gaba, a Gangtey cikin kwarin Phobjikha inda gaurakan nan masu baƙin wuya ke sauka daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu, da Bumthang a tsakiyar ƙasa. Hanyoyin kwana-kwana ne, kilomita 70 sai ta ci awa uku. Wato Butan ba ta hana ka zama, sai dai zaman da kuɗi ake sayensa. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Ladak

Ladak ita ma a 1974 aka buɗe ta ga baƙi, kuma tun Oktoba 2019 gwamnatin tarayyar Indiya ke mulkinta kai tsaye. Da bizar Indiya, ka hau jirgi daga Delhi, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci kana Leh, babban garin Ladak. Mai tahowa daga Nijeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan kada ya manta da katin rigakafin shawara, Indiya ba ta wasa da shi, tana iya killace mutum har kwana 6 in babu.

Manyan gidajen ibadar kwarin kogin Indus ba sa buƙatar wata takarda ko jagora. Ka ɗauki tasi, ƙungiyar direbobin Leh tana da farashi a rubuce, ka tafi. Thiksey, kilomita 19 daga Leh, hawa 12 ce a kan tudu, da mutum-mutumin Maitreya, Budan da mabiya ke jiran zuwansa, mai tsawon mita 15 a ciki. Ka isa kafin rana ta fito: za a busa ƙahon katantanwa daga saman soro, malamai su shigo zaure su jeru, ƙananan almajirai na yawo da butoci suna zuba shayin man shanu, wani na gyangyaɗi wani na tsokanar na kusa da shi. Baƙo ya sami wuri a jikin bango ya zauna, babu mai duba agogo. Gobe ma in ka so ka dawo. Da mudun da na ambata, wannan safiyar kaɗai ta fi awar Potala.

Hemis, mafi dukiya a cikinsu, ta ƙarni na 17 ce, bikinta na rawar rufe fuska yana faɗowa a Yuni ko Yuli, sai dai cinkoson ranar ya wuce misali. Lamayuru tana kan hanyar Srinagar. Alchi kuwa ita ce abin da ba a samu a wani wuri ba: ƙananan ɗakuna na ƙasa a gefen kogi, babu wani kwarjini daga waje, amma bangonsu cike da zane irin na masu fasahar Kashmir. Mutanen gidan suna jingina ginin ga mai fassara Rinchen Zangpo wanda ya rasu a 1055, masu bincike kuma suna kai zanen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13. Irin waɗannan zane da yawa sun salwanta a Tibet, a nan suka tsira saboda iyaka ta raba su da Juyin Al'adu. Ba a ɗaukar hoto a ciki, ka tafi da ƙaramar tocila. A zaurukan Ladak za ka ga hoton Dalai Lama a kan karaga, shi kansa yakan zo ya yi makonni a gidansa na Choglamsar, kuma kana iya tambayar malami duk abin da ka ga dama.

Takunkumin Ladak yana wajen iyaka. Kwarin Nubra, inda gidan ibadar Diskit yake da mutum-mutuminsa mai mita 32, da tafkunan Pangong da Tso Moriri, baƙo sai da takardar izinin yanki mai kariya. Wakilin tafiye-tafiye mai rajista a Leh ne ke ciro ta, yawanci cikin yini guda, kuma a ƙa'ida ga mutum biyu zuwa sama ake bayarwa, shi ya sa wakilai ke haɗa sunayen matafiya. Ka yi kwafi da yawa, shingaye na karɓa. Layin waya na waje ba ya aiki a can, wayar tauraron ɗan'adam kuwa laifi ce a Indiya, kada ma a gwada. Yanki ne na soja: a Yuni 2020 sojojin Indiya da na Sin sun gwabza a kwarin Galwan, a Satumba 2025 kuma an sa dokar hana fita a Leh bayan zanga-zangar da aka rasa rayuka. Nan ma ƙofa na iya rufuwa, sai dai ba al'ada ba ce ta kowace shekara. Lokacin zuwa Ladak gajere ne, Yuni zuwa Satumba. Da hunturu ƙanƙara na toshe hanyoyin Srinagar da Manali, jirgi kaɗai ke shiga.

Raunin Ladak shi ne babu mai riƙe hannunka. Direban tasi ba malamin tarihi ba ne. In ba ka ɗauki jagora na kwana ɗaya ko biyu ba, za ka yi ta kallon zane ba ka san wa ke kan doki wa ke ƙarƙashin ƙafa ba.

Shingen da ba hukuma ta kafa ba

Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba. Jos kimanin 1,200. Dutse mafi tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi, 2,419 ne. Leh tana wajen 3,500, Lhasa 3,650, inda kowane numfashi ke kawo kusan kashi biyu cikin uku na iskar da ka saba shaƙa a bakin teku. Ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci a daren farko ba abin mamaki ba ne, kuma ƙarfin jiki ba ya kare kowa. Hukumar Leh tana umartar wanda ya sauka ta jirgi ya huta awa 48 kafin ya hau sama, mashigar Khardung La ta zuwa Nubra ta haura mita 5,300. A nan tafiyar ayari ke da haɗari: a Tibet takarda ta ce gobe Shigatse, motar kuma ba za ta jira mutum ɗaya ba. Jirgin ƙasan Xining zuwa Lhasa, wanda aka buɗe a 2006, yana ratsa mita 5,072 a Tanggula, ana sakin iskar oksijin a taragai, amma ba ya maye gurbin hutun kwana biyu.

Ga wata magana da ta shafe mu fiye da yawancin masu zuwa can. Mai cutar sikila bai kamata ya kusanci Lhasa ko Leh ba, ƙarancin iska na tayar da ciwon. Mai AS ma, wanda bai taɓa jin komai ba a gida, saifarsa na iya samun matsala a irin wannan tsawo. Ka san ko jininka AA ne ko AS ko SS, ka ga likita, ka tambaye shi batun acetazolamide, maganin ciwon hawa tsawo. A wannan fannin Butan ta yi zarra: Paro da Thimphu suna tsakanin mita 2,200 da 2,400, Punakha kuwa kusan daidai da Jos take.

Abinci da salla

Ba a tilasta wa baƙo ya rusuna wa komai a ko'ina cikin ukun. Ka tsaya da ladabi, kada ka miƙe ƙafa wajen mutum-mutumi ko malami, kada ka nuna da yatsa ɗaya, ya wadatar. A Lhasa akwai babban masallaci dab da Barkhor, da gidajen abincin Musulmin Sin 'yan ƙabilar Hui a kewayensa, ga kuma tsohuwar al'ummar Musulmin Tibet masu asali da Kashmir. A Ladak, ƙidayar 2011 ta nuna Musulmi sun kai kashi 46 cikin ɗari, babban masallacin Leh na tsakiyar kasuwa tun shekarun 1660, Kirista ma akwai cocin Morabiya tun 1885. Butan ce mai wuya: masallaci ba abin da za ka yi tuntuɓe da shi a hanya ba ne, naman alade na cikin girkin yau da kullum, sauran naman kuma galibi daga Indiya ake shigo da shi. Ka ce kai ba ka cin nama tun a takardar tafiya, ka rungumi jar shinkafa da ema datshi, barkono ne da cuku, wanda ko mai son yaji sai ya share hawaye.

Wanne ke nan?

Wanda tafiyar farko ce gare shi, lafiyarsa ƙalau, kuma abin da yake so shi ne ya ga yadda ake rayuwa a gidan ibada, Ladak zan ce masa, ba tare da jinkiri ba. Ta fi araha, ta fi sakin mara, kuma tsofaffin zanenta na nan. Dattijo, ko mai iyali, ko wanda likita ya gargaɗe shi kan tsawo, in aljihu zai ɗauka, Butan, amma ya ƙara dare biyu ya kai Gangtey, in ba haka ba ya biya kuɗin sarauta ya ga abin da kowa ya gani. Tibet ta mai son tarihi ce wanda ya riga ya karanta, ya san abin da aka rushe da abin da aka sake ginawa, kuma zai iya kallo ya haɗiye tambayarsa. In an buɗe, Nuwamba zuwa Janairu ta fi: sanyi ne ƙwarai, amma 'yan yawon buɗe ido sun watse, makiyaya sun sauko ziyara, farashi ya faɗi.

Kafin ka tura wa kowane kamfani ko sisi, ka sa ya rubuta maka amsar abu huɗu. In an hana takarda ko an rufe yanki, nawa za a mayar maka, kuma cikin kwana nawa? Mutum nawa ne a motar? Dare nawa za a yi a Lhasa ko Leh kafin a hau sama, kuma in jikinka ya ƙi, wa zai biya motar da za ta sauko da kai? Na huɗun na Tibet ne kawai: jagoran ɗan Tibet ne mai jin harshen malaman, ko daga wani lardi aka kawo shi? Kamfanin da ya amsa uku ya yi shiru kan ta farko, nemi wani.